Yadda Ake Gano Yaron Da Amshi Ya Ɓoye A Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya ya san daɗin amshi. Ka rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, ka ɗora sanda a kan na farko, aji ya ɗauka gaba ɗaya har 'yan aji biyu su jiyo ta bango. Shugaban makaranta ya gifta ta taga ya gyaɗa kai, kai ma ka ji ka yi aiki. Amma ka bar kallon bakinsu ka kalli idanunsu, za ka ga kaɗan ne ke duban allon. Sauran waƙa suke rerawa. Sun haddace ta tun makon farko, ko an goge allon za su kawo ta daidai. Ni malamar ƙananan azuzuwa ce, kuma abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne yaro ya shekara yana amsawa da ƙarfi, ya wuce aji biyu bai san "b" daga "d" ba.

Abin ya game duniya. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu kuwa suna zaune a aji kullum. Ga yadda nake tafiyar da safiyata don kada ajina ya ƙara musu yawa.

Daga bakin ƙofa nake farawa. Ina tsayawa in gaida kowane yaro da sunansa kafin ya shiga. A nan nake gane wanda ya yi kuka a hanya, da wanda jikinsa ke da zafi, da wanda barci bai ishe shi ba. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a dare, saboda haka wanda ya zo da kumburarrun idanu ba shi zan fara yi wa tambaya ba. Bayan nan tsarinmu ɗaya ne kullum: kiran suna, bitar jiya, sabon darasi, motsa jiki, lissafi. Yaron da ya san abin da ke biye ba ya yawan rigima.

A makonnin farko ka koya musu alamar yin shiru kamar yadda za ka koyar da darasi. Tawa tafi uku ce, su mayar mini da uku, hannaye su koma kan benci. Mukan gwada ta sau da yawa a rana har ta zauna, kuma daga nan maƙogwarona ya huta. Umarni kuma ɗaya bayan ɗaya. In ka ce "ku ɗauko littafi ku buɗe shafi na shida ku rubuta kwanan wata ku ja layi", rabin ajin a ɗauko littafi za su tsaya. Babba ma abubuwa kusan huɗu yake iya riƙewa a kansa lokaci guda, balle ɗan shekara shida. Ka faɗi ɗaya, ka jira kowa ya yi, sannan ka faɗi na biyu.

Yanzu ga karatun kansa, inda amshi ya fi yin ɓarna. Ina fara da bitar minti biyar, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani mai bincike na Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici jefi-jefi ne ke rage ta. Sai sabon harafi guda ɗaya tak. Sautinsa nake koyarwa kafin sunansa: "mmm" da leɓe a rufe. Rubutun Hausa na boko ya yi mana gata, domin galibi yadda ake furtawa haka ake rubutawa, wasula kuma biyar ne. Yaron da ya san a, m da k ya riga ya iya karanta mama, kaka, kama da maka. Kada ka jira ya gama baƙaƙe duka kafin ka ba shi kalma. Ranar da ya haɗa ka da ma da kansa ya ji "kama" ta fito daga bakinsa, ranar ya gane amfanin zuwa makaranta.

Ban hana amshi ba. Yana ba mai kunya damar buɗe baki a cikin jama'a. Abin da nake yi shi ne in hana sandata bin layi. Bayan an karanta a jere sau biyu, sai sanda ta fara tsalle: bu, ba, bo, bi. Nan take ƙarar aji ke raguwa, kuma wannan raguwar ce ke gaya mini gaskiyar inda muke. Daga nan sai in riƙa rage masu amsawa: aji duka, sai layi ɗaya, sai benci ɗaya, sai mutum ɗaya. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ina kawo su da kalmomi biyu-biyu, kamar kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, yaro ya ji bambancin da kunnensa kafin ya nemo shi da ido.

Hannu ma yana koyo. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, tana ba yara haruffa masu kaushi su bi da yatsa. Ni kwali nake yankawa in shafa gam in barbaɗa yashi. In babu wannan, su rubuta a iska, ko a ƙasa, ko a bayan abokin zama shi kuma ya faɗi abin da aka rubuta masa. Wannan na ƙarshe suna son sa ƙwarai. Mai rubutu da hagu kuma a bar shi da hagunsa, a dai zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi amma ta fi duka wuyar riƙewa: jira. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. Ni nakan yi tambaya, in ƙirga biyar a zuci, sannan in kira suna. Tambaya ce farko, suna a baya. In ka fara kiran suna, sauran sun ajiye tunani ke nan. Kuma ba masu ɗaga hannu suna "Malama ni, Malama ni" nake bi ba. Sunayen ajin duka suna rubuce a kan 'yan sanduna cikin gwangwani, wanda na zaro shi ke amsawa.

Wannan ba zai yiwu ba sai in kuskure ba abin tsoro ba ne a ajinka. Dokata ita ce ba a yi wa kowa dariya. Yaro ya ce "da" a wurin "ba", sai in ce "ka kusa, dubi inda cikin harafin ya fuskanta", in ba shi dama ta biyu. In ya kasa, wani ya faɗa, ni kuma in dawo kansa ya maimaita, bayan minti kaɗan in sake gwada shi. Bulala kuwa ba ta shiga darasina. Yaron da aka doka saboda ya yi kuskure abu ɗaya yake koya: ya ɓuya a cikin amshi.

Ka sama wa kowa ƙaramin allo, ko da kwali ne mai duhu, da guntun alli. Ka yi shifta, kalma ɗaya, ka ce "ɗaga". Cikin ƙiftawa ka ga aikin aji duka.

Lissafi ma yana da nasa amshin. Yaro zai ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba tuntuɓe, amma ka zube marafan kwalba ka ce "ba ni bakwai", sai ya dumbuzo maka. Don haka nake bin matakai uku da Jerome Bruner, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a shekarun 1960, waɗanda makarantun Singafo suka gina koyar da lissafinsu a kai: abu a hannu, sai zane, sai lamba. Uku a tara da biyu za mu fara yi da tsakuwa, mu zana da'irori, sannan mu rubuta 3 + 2 = 5. Tsakanin karatu da lissafi kuma a tashi a miƙe, a yi tsalle goma ana ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 suna bukatar motsa jiki na minti 60 a rana, zaman benci na tsawon safiya zalunci ne a gare su.

Abin da ba na yarda ya wuce ni shi ne gwajin mutum biyar. Kullum, sa'ad da sauran ke rubutu, ina kiran yara biyar ɗaya-ɗaya zuwa teburina, minti ɗaya kowa. Takarda ɗaya ce: haruffa a sama, sai gaɓoɓi, sai kalmomi, sai jimla biyu. Inda ya tsaya nan nake sa alama a gaban sunansa. Ko aji na da yara 60, cikin kwana 12 na karatu an zagaye kowa. Da wannan nake raba su rukuni a minti goma sha biyar na ƙarshen darasi, masu haruffa daban, masu kalmomi daban. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan hanya ta koyar da yaro daga matakin da yake, kuma an gwada ta a ƙasashen Afirka irin su Zambiya.

In yaro ya tsaya wuri ɗaya zagaye biyu, kafin ka ce ba shi da ƙoƙari ka duba idonsa da kunnensa. Mai ƙanƙance ido in yana kallon allo, ko mai juyo da kunne ɗaya in ana magana, ka dawo da shi bencin gaba, ka nemi iyayensa su kai shi asibiti a duba. In sun zo, kada ka tsaya a "yana ƙoƙari". Ka buɗe littafinka ka ce: "Baba, ya san a, m da k, yanzu n muke nema. Ga kalmomi huɗu a takardar nan, a sa shi ya karanta wa wani a gida kowace yamma, ko da yayarsa ce."