Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Injin Tsotsar Ƙura Na Tsaye Daga Ƙirarsa

Injin tsotsar ƙura na tsaye shi ne wanda ake tura kansa a kan kafet da dogon mariƙi, jakar ƙura kuma tana rataye a jikin mariƙin. A Amurka aka fara ƙera shi, kuma a can da Birtaniya ya yi tashe, domin ƙasashe ne masu sanyi da ake shimfiɗa kafet a kusan kowane ɗaki. Duk wanda tsohon irinsa ya faɗo hannunsa yana iya ƙiyasta zamanin da aka yi shi, muddin ya san inda zai duba. Jaka da waya da fenti su ne suka fi ɗaukar ido, amma su ne aka fi sauyawa idan sun tsufa, saboda haka shaidarsu ba ta da ƙarfi. Abin dogaro shi ne gangar jikin injin da hanyar da iska ke bi a cikinsa, domin waɗannan ba sa canzawa daga yadda suka fito daga masana'anta.

Kafin komai, kada ka jona shi da wuta. Ka kwantar da shi a kan tebur mai haske, ka kifar da kansa, ka dubi abin da ke juyawa a bakinsa. Tun injin farko akwai buroshi mai juyawa a wannan wurin. James Murray Spangler, wani mai shara a wani kanti da ke Canton ta jihar Ohio, wanda ƙura ke tayar masa da ciwon asma, shi ne ya haɗa fanka mai lantarki da buroshi da rigar matashin kai da sandar tsintsiya a shekarar 1907, ya sami takardar mallakar fasahar a 1908, sannan ya sayar wa William Henry Hoover, mai sana'ar kayan fata. A wannan shekarar aka fitar da samfurin farko mai suna Model O. Idan gashin buroshi kaɗai ka gani a jikin sandar da ke juyawa, injin yana iya zama na kowane zamani. Idan kuwa ka ga sandunan ƙarfe masu santsi sun naɗe ta a karkace tsakanin layukan gashin, to bai riga 1926 ba, domin a shekarar ce kamfanin Hoover ya fito da su a samfurin 700. Aikinsu shi ne su riƙa bugun kafet a daidai lokacin da iska ta ɗan ɗaga shi daga ƙasa, yashin da ya nutse a ciki ya taso. Kamfanin ya ci gaba da amfani da su shekaru masu yawa, don haka wannan alamar iyakar farko kawai take nunawa.

Daga nan sai ka bi hanyar iska da ido, kuma a ganina wannan ne binciken da ya fi kowanne muhimmanci. A tsofaffin injuna ƙura tana shiga ta baki, ta ratsa cikin fankar kanta, sannan fankar ta hura ta cikin jakar yadi da ke waje, wadda ke kumbura da zarar an kunna. Wannan tsari yana da ƙarfi sosai a kan kafet saboda tazarar da ke tsakanin baki da fanka gajeriya ce, amma duk ƙusa ko tsakuwa ko kwabon da aka tsotsa sai ya daki fukafukan fankar. Ka cire murfin ƙasa ka haska fitila, sau da yawa za ka ga gefen fukafukan ya cinye ko ya ɓare, wanda ke nuna yawan aikin da injin ya sha. A 1963 Hoover ya fitar da Dial-A-Matic, inda aka mayar da jakar cikin akwatin roba mai tauri a jikin mariƙi, iska kuma tana tacewa a jaka kafin ta isa fanka. Da haka aka sami damar jona masa tiyo mai jan iska da ƙarfi don share kujeru da labule. Injin da ke da irin wannan akwati bai girmi shekarun 1960 ba. Sai dai rashin akwatin ba ya nuna cewa injin ya girmi shekarun 1960, domin kamfanoni irin su Kirby da Royal da Oreck sun ci gaba da tsohon tsarin bayan haka.

Abu na gaba shi ne abin da aka ƙera gangar jikin da shi. Model O na kwano ne da katako, ba a daɗe ba kuma aka koma zubin alminiyum, wanda ake gogewa har ya yi ƙyalli. A injunan Hoover na shekarun 1920 ba a ɓoye komai ba, moton yana zaune a fili a saman kai, baƙi, mai siffar gwangwani, kuma kusoshi da ramukan shan iska duk suna bayyane. Ɗan maganaɗisu zai taimaka a nan, tun da yana kama ƙarfe amma ba ya kama alminiyum. Ka duba kuma ko akwai fitila a goshin injin. Hoover ya fara sa ta a 1932 don haska ƙarƙashin gado da lungunan ɗaki, kuma a samfuran farko ana ganin cewa ɗora ta aka yi a kan ƙirar da ta riga ta kammala.

Babban sauyi ya zo ne a tsakiyar shekarun 1930. Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929 ciniki ya tsaya, kamfanoni suka fara ɗaukar ƙwararrun masu tsara siffar kaya domin su jawo hankalin masu saye. Hoover ya ɗauki Henry Dreyfuss, mutumin da ya tsara wayoyin tarho na kamfanin Bell da kuma jirgin ƙasa na New York Central, kuma aikinsa ya fito a samfurin 150 na shekarar 1936. Ya rufe moto da fitila da murfi guda mai lanƙwasa wanda ke gangarowa baya, aka yi murfin da Bakelite, wata irin roba mai tauri ta wancan zamani, aka yi gangar da gaurayen magnesiyam don rage nauyi, aka kuma sa alamar da ke nuna jaka ta cika. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin kwalliyar kasuwa kawai, amma ban yarda da su ba. Murfin ya kare moto daga karo da ƙafafun kujeru, ya sauƙaƙa gogewa, ya kuma mayar da injin abin da mai gida ba ta jin kunyar baƙo ya gani a falo. Daga wannan lokacin kusan duk masu ƙera injin tsaye suka bi sahu. Gane Bakelite ba shi da wuya: yana da tauri, ba ya lanƙwasuwa, launinsa yawanci baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma idan ka goga shi da yatsa har ya ɗumama yakan fitar da wari mai kama da na magani. Robobin da suka biyo baya sun fi shi sauƙin nauyi da hasken launi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun koma ƙera kayan yaƙi, saboda haka injunan da suka fito jim kaɗan bayansa suna kama da na kafinsa. A shekarun 1950 ne launuka masu haske suka shigo, shuɗi da ja da kore, kai kuma ya ƙara yin ƙasa don ya shige ƙarƙashin kayan ɗaki, kamar yadda ake gani a samfurin Hoover mai suna Convertible na 1957.

Injin Kirby ya fi kowanne ruɗar da mai bincike. Kamfanin Scott & Fetzer na Cleveland ne ya ƙera shi bisa fasahar Jim Kirby, kuma samfurin farko da ya ɗauki sunansa ya fito a 1935. Motonsa a kwance yake, fanka tana gaba, kuma ana cire bakin gaba ɗaya a jona wasu kayan aiki. Da yake kamfanin bai rabu da gogaggen alminiyum da jakar waje ba, Kirby na shekarun 1980 yana iya yi wa baƙon ido kama da na shekarun 1940. A wurinsa sai a dogara da sunan samfuri da launin robar da ta zagaye baki, kuma idan yana tura kansa da kansa, to daga 1990 ne zuwa sama, lokacin da Generation 3 ya fito.

Sai bayan duk wannan za ka karanta farantin bayanai, wanda galibi ke ƙarƙashin kai ko a bayan moto, domin ka gwada abin da ya ce da abin da ka gani. Yana ɗauke da lambar samfuri da wurin ƙira. A injunan Hoover, na Amurka yakan ce North Canton, sunan da aka sauya wa garin New Berlin a 1918, na Birtaniya kuwa yakan ambaci Perivale da ke yammacin Landan, inda aka buɗe masana'anta a farkon shekarun 1930 kuma aka riƙa ƙera ƙaramin samfurin Junior don gidaje marasa faɗi. Idan an jera shekarun rajistar fasaha, injin bai riga ta ƙarshe a cikinsu ba. Idan farantin da ƙirar suka saɓa, ka tuna cewa Hoover yana karɓar tsofaffin injuna ya sabunta su a masana'anta, ya sa musu sabon fenti da jaka, ya sayar da su da sunan Special.

A farantin ne kuma za ka ga ƙarfin wutar da yake sha. Na Amurka volt 110 zuwa 120 ne, alhali wutar Najeriya da Nijar ta ninka haka, don haka wanda ya zo cikin kayan gwanjo daga can zai ƙone nan take idan babu taransifoma mai rage wuta. Ko da ƙarfin ya dace, gangar ƙarfe ce, yawancinsu ba su da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, kuma robar da ke rufe wayoyin ciki takan bushe ta farfashe. Ka kai wa mai gyaran lantarki ya gwada shi, ya sa sabuwar waya da sabon bel, ka kuma roƙe shi ya dawo maka da duk abin da ya cire. Kada ka sake masa fenti, jakar asali kuwa kakkaɓe ta ya fi wanke ta, domin ruwa da sabulu suna goge tambarin kamfanin da aka buga a jikinta.