Kurakuran da aka fi yi in kwamfuta ta fara ciwo

Kusan kullum sai wani ya shigo min shago nan Maradi da kwamfuta a hammata yana cewa "malam ka fomate min ita kawai", to wannan shi ne kuskuren da ya fi ci min rai. Kwamfuta tana mutuwa da kanta ko ta kawo shuɗin allo, sai a goge komai a zuba sabon Windows, mutum ya biya kuɗinshi, bayan kwana uku ciwon ya dawo ga takardunshi sun tafi. In baret ɗin RAM ne ya lalace, wato ɗan siririn allon nan na ciki da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kai, wallahi ko sau goma ka fomate ba abin da zai canza, ciwon a jikin ƙarfe yake.

Gwaji ake fara yi, kuma kyauta ne. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mdsched, kwamfutar za ta sake tashi ta gwada RAM ɗin da kanta. Amma wannan gwajin sama-sama ne, ya kan bar wasu matsalolin su wuce, shi ya sa ni na fi yarda da wani shirin gwajin RAM mai suna MemTest86, a zuba shi a kile ɗin USB a tayar da kwamfutar daga can. Nan ma akwai kuskure, mutane ba su da haƙuri, minti goma ba su ga komai ba sai su kashe su ce lafiya lau. Haba! Zagaye 4 yake yi kuma yana iya cin awowi, wani ciwon ba ya fitowa sai baret ya ɗau zafi, ni da dare nike sa shi in batir na da ƙarfi ko akwai sola, don in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an koma farko. Kuma kuskure ko guda ɗaya ya nuna, kar ka ce ai ɗaya ne kawai, lafiyayyar RAM sifiri take badawa.

Sai masu gaggawar sayen sabo. Gwaji ya nuna ja sai mutum ya ruga kasuwa, alhali baret biyu ne a ciki bai san wanne ne mai laifin ba. Cire ɗaya ka gwada ɗayan shi kaɗai, sannan ka canza mishi ramin da ake soka shi, don wani lokaci baret ɗin lafiyarshi ƙalau ramin ne ya mutu. Da hunturun bara wani ɗalibi ya kawo min tashi har ya haɗa kuɗin sabon baret, na buɗe na tarar ƙura ta yi dam a ciki kamar an zuba garin gero, na goge haƙoran baret ɗin da abin goge fensir a hankali na hure ramin, muka sake gwaji har safe ba kuskure ko ɗaya. Ka dai cire caja da batir kafin ka sa hannu, ka riƙe baret ta gefe. In ma sayen ya kama dole ka duba rubutun jikinshi, don RAM iri-iri ce, DDR3 na cin volt 1.5, DDR3L kuma 1.35, rami ɗaya suke shiga amma akwai kwamfutocin da ba su karɓar na farkon.

Ba kowane ciwo ba ne na RAM fa. A watan Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke wuce digiri 40, kwamfutar da ke mutuwa bayan rabin awa galibi fankarta ce ta toshe, shirin HWMonitor zai nuna maka zafinta, in ka ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na haura digiri 90 to a share fanka a sake man sanyaya da ake shafa wa furosesar, kuma a daina ɗora ta kan katifa. In kuma nauyi take yi tana ƙas-ƙas, buɗe shirin CrystalDiskInfo ka duba diski, wato ma'ajiyar hotuna da takardunka, in ya nuna rawaya ko ja kar ka tsaya wani gyare-gyare, kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri tukuna.

Masu sayen okaziyon kuma, wato kwamfutar da aka taɓa amfani da ita, tun gaban mai sayarwa ku gwada, Dell a danna F12 lokacin tashi a zaɓi gwajin, HP kuma Esc sannan F2, in ya hana ku to ku riƙe kuɗinku.