Kurakuran sababbin masu kawo kaya ta kago (jigilar kaya a jirgin sama) daga China

Kusan kullum sai wani ya turo mini rasit yana kukan ejan (wakilin da ke turo masa kaya) ya cuce shi: kayansa kilo 9, an caje shi kuɗin kilo 20. Babu cuta a nan, ɗan'uwa. Jirgin sama har wurin da kaya suka cinye yake caja. Ana ninka tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, a raba da 6000 (irin su DHL da 5000 suke rabawa). Kwali mai 60 da 50 da 40 ya tashi kilo 20 ke nan, ko da jakunkunan mata ne cike da takarda. Tsakanin sikeli da wannan lissafi, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Ni kam kaya ba sa barin Guangzhou sai an fitar da takalma daga kwalayensu, an matse tufafi, an turo mini hoton awon.

Wanda ke ƙona mini rai shi ne ɓoye batir. Tun 2016 aka hana ɗora batirin litiyom zalla (wanda ba a haɗe da na'urarsa yake ba), har da fawa-bank, a matsayin kago a jirgin fasinja, saboda yana iya kama wuta. Amma sai ka ga yaro ya cusa su cikin kwalin riguna don gudun ƙarin kuɗi. Haka wani ya yi a kayan da aka haɗa mana tare. Na'ura ta gano, aka tsare kayan gaba ɗaya, leshin da na yi odarsa don sallah bai sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ba sai da kowa ya gama ɗinki. Wa zai saya a lokacin? Haba jama'a! Ka faɗa wa ejan gaskiya, akwai hanyar da ake bi da batir da turaren feshi, tsada ce kawai da ɗan jinkiri.

Tayil da kayan ƙarfe kuwa ka bar wa jirgin ruwa, kuɗin kago zai cinye ribar. Kafin ka biya, ka tambaya ko farashin ya haɗa da kwastan. Man shafawa da magani suna buƙatar rajistar NAFDAC. A rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kowane kwali. Kuma kada ka yi oda gab da sabuwar shekarar China, masana'antu rufewa suke na makonni.