Ban ruwa da zafin ƙasa: kurakuran da masu lambu suka fi yi a jihar Tawa

Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin ratsa ƙasa. A digiri 40 kaurinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da digiri 20. Yana cikin abin da ya sa fangalin da ke riƙe ruwa a Janairu yake shanye shi nan da nan a Afrilu.

Kuskuren farko daga nan yake: mai lambu ya ga ruwa ya ɓace, sai ya ce ƙasa na jin ƙishirwa, ya sake tada inji. A jigawa ruwan wucewa yake yi, ya tafi da taki, alhali yawancin saiwar albasar Galmi ba ta wuce santimita 30. Lita 10 a kan murabba'in mita ɗaya tana jiƙa busasshen rairayi kimanin santimita 10. Bayan awa biyu da ban ruwa, a tona gefen fangali a dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu a zurfin taƙi ɗaya, ya isa.

Na biyu shi ne yayyafi da tsakar rana. Lokacin bazara saman ƙasa yakan kai digiri 60, ruwan bai kai ga saiwa ba rana ta kwashe shi. A bayar da asuba ko bayan la'asar. Tiyon da ya wuni a rana kuwa, a zubar da ruwan farko a gefe, don yana iya ƙona ɗanyen dashe.

Akwai kuma barin ƙasa tsirara. Idan saman ƙasa ya bushe, danshin ƙasa yana hawowa kamar kananzir a lagwani, ya tashi ya bar gishiri. Farin ɓawon nan da ake gani a bakin fangali ke nan, kuma ƙarin yayyafi ƙara shi yake. A rufe da karan hatsi ko ciyawa kaurin yatsu uku, a riƙa yin ban ruwa mai yawa jefi-jefi don wanke gishirin.

Da ɗari matsalar ta juya, musamman a lakar fadamar Maggiya. Ruwa na nutsewa a hankali, iskar hunturu ta busar da sama kawai, mutum ya ci gaba da awon bazara, saiwa ta ruɓe. A nan a tona kafin ban ruwa. In ƙasa na manne wa yatsa, a bari sai gobe.