Yadda Ake Shirya Wa Ƙaramin Ayari Ziyarar Tarihi da Diflomasiyya a Addis Ababa

Duk wanda yake son ya kai mutane Addis Ababa domin su fahimci tarihin Habasha da yadda ake gudanar da diflomasiyyar Afirka, ya kamata ya san cewa rabin aikin a kan takarda ake yin sa, watanni kafin a hau jirgi. Gidajen tarihi da majami'u a buɗe suke ga duk mai kuɗin tikiti, amma hedkwatar Tarayyar Afirka da harabar Majalisar Ɗinkin Duniya da ofisoshin jakadanci ba wuraren da ake zuwa a yi sallama a bakin ƙofa ba ne. Wanda bai rubuta wasiƙa ba, daga tagar mota zai hango su.

A fara da yawan mutane. A ganina goma sha biyu zuwa goma sha biyar sun isa, domin ƙaramar bas guda za ta ɗauke su, teburi guda zai zaunar da su, kuma jami'in da ya amince ya ba su sa'a ɗaya zai iya sauraron tambayar kowa. Da zarar an haura ashirin, tattaunawa ta koma lacca, kuma binciken tsaro a kowace ƙofa sai ya cinye safiya. A zaɓi mutanen da ke da dalilin zuwa, kamar malaman tarihi da 'yan jarida da ɗaliban hulɗar ƙasa da ƙasa, sannan a naɗa jagora ɗaya mai magana da yawun ayari da ma'aji ɗaya, kada a haɗa wa mutum guda ayyukan biyu.

Lokacin tafiya yana da tasiri sosai. Damina a can tana kankama daga Yuni zuwa Satumba, da ruwa kusan kullum. A watan Fabrairu kuma ake taron ƙoli na shugabannin Tarayyar Afirka, kuma mutane da yawa suna zaton wannan ne lokacin da ya fi dacewa, alhali a makon ne ake rufe manyan tituna saboda ayarin shugabanni, kuɗin otal ya tashi, jami'an da ake son gani kuma ba su da lokacin ko gaisuwa. Tsakanin Oktoba da farkon Disamba ya fi: sama ta washe, ofisoshi suna aikinsu na yau da kullum.

Wasiƙu su fita aƙalla wata biyu kafin tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta ofishin jakadancin ƙasarku da ke Addis Ababa, domin yawanci jakadan ƙasar Afirka a can shi ne kuma wakilinta na dindindin a Tarayyar Afirka, kuma buƙatar da ta fito daga ofishinsa ta fi wadda ta fito daga baƙon da ba a sani ba nauyi. A rubuta a kan takarda mai tambarin jami'a ko ƙungiyar da ta ɗauki nauyin tafiyar, a bayyana su wane ne masu zuwa, da abin da suke son ji, da ranaku biyu ko uku da za a zaɓi ɗaya daga ciki. A haɗa da jerin sunaye da lambobin fasfo, kuma a rubuta kowane suna harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mai gadi yana riƙe da takardar yana dubawa, kuma idan ta ce Muhammad fasfo ya ce Mohammed, mai sunan yana iya kwashe rabin sa'a a tsaye ana buga waya. Biza kuwa a nema ta intanet tun daga gida, a ɗauki katin rigakafin cutar shawara, kada a dogara da cewa za a samu biza a filin jirgin Bole, domin ƙa'idar tana sauyawa.

Ranar farko a bar ta sakayau. Birnin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300, kuma wanda ya taso daga Kano ko Yamai zai ji numfashinsa yana sarƙewa a kan matakala goma. A sha ruwa da yawa, a zo da rigar sanyi saboda dare da asuba. A daren nan ne kuma ya kamata a zauna da direba a daidaita agogo, saboda Habashawa suna fara ƙirgen sa'o'i daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Na taɓa ce wa wani direba ya zo ƙarfe takwas, ya gyaɗa kai cikin ladabi, muka wuni a harabar otal sai ga shi ƙarfe biyu na rana, bai ga laifinsa ba, kuma da gaskiyarsa. Tun daga ranar nake rubuta lokaci a takarda ta ƙirge biyu. Kalandarsu ma wata goma sha uku ce, tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, saboda haka a duba kwanan watan da ke kan kowace rasit ko takardar gayyata.

Sauran kwanakin a jera su yadda tarihin ya gudana, domin wanda ya fara da zauren taro bai san yaƙin Adwa ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka ajiye hedkwatar Afirka a wannan birni ba. A fara da dutsen Entoto, inda Sarki Menelik na Biyu ya zauna kafin matarsa Taytu ta zaɓi gangare kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Filwoha a 1886, ta raɗa wa wurin suna Addis Ababa, wato sabon fure. Daga nan a sauko gidan tunawa da nasarar Adwa da aka buɗe a unguwar Piassa a 2024. A nan jagora ya tsaya ya yi bayani a tsanake kan yarjejeniyar Wuchale ta 1889, musamman sashe na 17: rubutun Amhariyanci ya ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje in ya so, na Italiyanci kuwa ya ce dole ne ya bi. A kan wannan saɓani Italiya ta yi iƙirarin Habasha tana ƙarƙashinta, Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar, aka gwabza a Adwa ranar 1 ga Maris 1896, Italiya ta sha kashi. Ga ayarin da ya zo koyon diflomasiyya, wannan sashe kaɗai ya cancanci sa'a guda, kuma ina ba da shawarar a raba wa kowa fassarar rubutun biyu a takarda ɗaya ya karanta da idonsa.

Rana ta uku ta zamanin Sarki Haile Selassie ce da abin da ya biyo baya. Tsohuwar fadarsa tana cikin Jami'ar Addis Ababa a Sidist Kilo, an mai da ita gidan adana al'adu, kuma a dandalin da ke kusa akwai hasumiyar tunawa da kisan kiyashin Fabrairun 1937, lokacin mamayar Italiya ta 1936 zuwa 1941. Kabarinsa yana majami'ar Triniti, inda aka sake binne shi a shekarar 2000. Ana cire takalmi kafin shiga, mata kuma su yafa mayafi. Da yamma a je gidan tunawa da waɗanda gwamnatin soja ta Derg ta kashe, wanda ke dandalin Meskel. Wurin ƙarami ne, amma akwai hotuna da ƙasusuwan da aka tono, kuma mutane sukan fito jikinsu a mace, don haka kada a sa wata ziyara a bayansa.

Rana ta huɗu ce aka rubuta wasiƙu dominta. Da safe a nufi Zauren Afirka da ke harabar Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka buɗe a 1961, inda ƙasashe 32 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta gada daga baya, ranar 25 ga Mayu 1963. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin mahalarta, haka Diori Hamani da Ahmadu Ahidjo da Kwame Nkrumah. Muhawarar wancan taro ita ce ko a kafa gwamnatin Afirka ɗaya nan take, kamar yadda Nkrumah ya nema, ko a tafi sannu a hankali kowace ƙasa da iyakokinta, wanda shi ne ra'ayin Ɓalewa kuma shi ya yi rinjaye. A wannan birni ne kuma Janar Murtala Muhammad ya yi jawabinsa kan rikicin Angola a Janairun 1976, wata guda kafin a kashe shi. Bayan azahar a wuce hedkwatar Tarayyar Afirka, ginin da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a Janairun 2012, a filin da tsohon kurkukun Alem Bekagn yake. A yi shiga ta mutunci (babbar riga da hula sun fi kwat ɗin aro), a iso minti talatin kafin lokaci, kowa da fasfonsa a hannu.

Ganawa da jami'i tana lalacewa idan kowa ya tashi ya yi dogon jawabin godiya. A daren da ya gabata a zauna a tace tambayoyi biyar ko shida, a ba kowace mai yi. Tambaya kan yadda Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro mai ƙasashe 15 yake yanke shawarar dakatar da ƙasar da aka yi juyin mulki a cikinta, ko kan inda kuɗin gudanar da ƙungiyar yake fitowa, ko kan rawar da Olusegun Obasanjo ya taka a yarjejeniyar Pretoria ta Nuwamban 2022 da ta tsayar da yaƙin yankin Tigray na arewacin Habasha, takan samu amsa mai nama. Tun farko jagora ya tambaya ko an yarda a ɗauki murya ko a ambaci sunan mai magana, domin jami'in diflomasiyya ya fi sakin jiki idan ya san ba za a jingina masa maganar ba.

Siyasar cikin gidan Habasha kuwa a taɓa ta da taka-tsantsan. Tsarin mulkin 1995 ya raba ƙasar bisa ƙabilu, har sashe na 39 ya ba su 'yancin ɓallewa, kuma batun yana da zafi a zukatan mutane. Ya fi a gayyaci malamin jami'a ya yi bayani a ɗakin taron otal, maimakon a tsare direba ko ma'aikacin otal da tambayoyin da za su iya jefa shi cikin matsala. Kada a ɗauki hoton fada ko sojoji ko wani ginin gwamnati.

Idan ranar ƙarshe ta faɗo Juma'a, a yi salla a Masallacin Anwar da ke babbar kasuwar Merkato, a shiga kasuwar da ɗan gari, wayoyi a aljihun gaba. Abinci ba ya wahala, domin Kiristocin Orthodox suna azumin barin nama da madara ranakun Laraba da Juma'a, saboda haka injera (wainar Habashawa) da miyar wake da ganye tana ko'ina, kuma akwai gidajen abincin Musulmi ga mai son nama. Zaman rufewa a yi shi a kan gahawa irin tasu, wadda ake soya 'ya'yanta a gabanku, a daka, a dafa a tulun jebena ana turaren wuta, a zagaya sau uku. Zagaye na uku sunansa baraka, kuma ba a tashi kafin a sha shi, don haka a ba zaman sa'a biyu cikakku kafin motar filin jirgi ta iso.