Yadda ake cin abincin dare a babban gidan abinci a Paris

Da farko ka kama tebur tun da kwanaki, ta waya ko intanet. Galibi sai wajen ƙarfe 7:30 na dare suke fara karɓar baƙi.

Ka sa kaya masu tsabta da guga. Idan ka isa, ka gaisa, ka jira a kai ka mazauninka.

Zaɓen abinci ne wurin natsuwa. Duk inda ka ga porc, jambon ko lardons a takarda, alade ne, kuma suna yawan zuba giya a miya. Kada ka ji nauyi, tambayi mai kawo abincin. Kifi ya fi sauƙin sha'ani.

Ruwan famfo kyauta ne, na kwalba da tsada.

In ka gama, sai ka nemi lissafi da kanka. Kuɗin hidima yana ciki, tukuici kuwa ganin damarka ne.