Kurakuran da nake gani duk Oktoba wajen ƙawata babban filin ƙofar gida na Halowin

Ni dai ba na bikin Halowin, wato bikin da yara ke shigar ban tsoro su bi gida-gida karɓar alawa, ranar 31 ga Oktoba fitilar baranda muke kashewa a gidanmu, wanda a nan Amurka shi ne alamar cewa gidan nan ba a raba alawa, yara su yi gaba. Amma sana'ata aikin filin gida ce a jihar Ohayo, lokacin zafi yankan ciyawa, da hunturu kwasar ƙanƙara, toh a tsakani Oktoba na kamawa waya za ta fara ruri, wannan na so a kafa masa ƙwarangwal wancan na so a ja masa fitilu. 'Yan'uwa da suka shigo sana'ar kwanan nan suna yawan tambayata yadda ake ƙawata babban fili, shi yasa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Babban kuskure, wanda kusan kowa ke yi a shekararsa ta farko, shi ne sayen tarkacen ƙananan kaya a warwatsa su ko'ina wai don a cika fili. Babban fili ba ya cika, haɗiye kaya yake yi. Akwai wata dattijuwa kwastomata da ta sayo leda uku maƙil, ƙananan kawunan ƙwarangwal, ɓeraye na roba, allunan kabari da ba su wuce gwiwa ba, ta jera su ɗaya nan ɗaya can har bakin titi sannan ta kira ni wai me yasa abin bai yi kyau ba. Na ce mata mu tsallaka titi mu duba. Daga can wallahi kamar iska ce ta kwaso shara ta zubar mata. Gyaran kuwa ba sabon sayayya ba ne, tattara komai muka yi wuri guda gindin bishiyar da ke gefen hanyar shiga, allunan kabarin muka matse su kusa da juna wasu a karkace kamar tsohuwar maƙabarta, sauran filin muka bar shi duhu. Duhu kyauta ne kuma shi ma ado ne a wannan bikin. Kafin ka kafa ko turke ɗaya je ka tsaya inda motoci ke wucewa, daga nan ne mutane za su kalli aikinka ba daga bakin ƙofa ba.

Sannan dole a samu abu ɗaya mai tsayi da ido zai fara sauka a kai. Shi yasa ƙwarangwal ɗin nan mai ƙafa 12 da kantin kayan gini na Home Depot suka fito da shi a 2020 ya samu karɓuwa haka, tsayinsa ya haura mita 3 da rabi, daga ƙarshen layi kake hango shi. In kuɗin kwastoma bai kai ba, bututun roba na famfo da tsofaffin fararen zannuwan gado sun isa ka tada fatalwa uku da suka fi mutum tsayi, ka tsayar da su a zagaye kamar suna shawara.

Na biyu, mutane da rana suke shirya kaya su kuma yanke hukunci da rana, alhali da dare ake kallo. A ƙarshen Oktoba nan wajenmu rana na faɗuwa wajen shida da rabi, yara kuma galibi tsakanin 6 da 8 suke yawo. Wasu sai su ɗauko farar fitila mai ƙarfi su haske filin tarwai kamar gidan mai, shi kenan duk robar ta tonu. Fitila a ƙasa ake ajiye ta tana kallon sama, mai launi, shunayya ko ruwan lemo ko kore, ka sa ta gaban abin yadda inuwarsa za ta hau bangon gida ta ninka girmansa. Kar dai ta kalli titi ta kashe wa direba ido, ko tagar ɗakin maƙwabci. Mai walƙiya ɗin nan da ke ƙyaf-ƙyaf da sauri kuma ni ba na sa ta, tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwo.

Wuta kam nan ne aka fi shan wahala, bari in ɗan daɗe a kai. Soket ɗin gida a Amurka bolt 120 ne, yawancin layuka kuma amfiya 15, in ka buga lissafi wat 1800 ke nan, kuma abin da zai yi sa'o'i a kunne ana so kar ya wuce kashi 80 cikin ɗari, wato wat 1440. Fitilun LED ba sa cin wuta sosai, amma injin hayaƙi ɗaya na iya jan wat 400 zuwa 1000 shi kaɗai, ka ƙara fankokin da ke hura manyan balan-balan ɗin nan da tsofaffin ƙwayaye masu zafi, sai ka ji ɗif. Abin da mutane ba sa lura da shi, a gidaje da yawa soket ɗin waje layinsu ɗaya da gareji, kuma a gareji ake ajiye firiza. Wani kwastomana raɓa ta shiga mahaɗin waya cikin dare, soket mai kariya da ake ce wa GFCI ya katse wutar kamar yadda aka yi shi ya yi, bai sani ba sai bayan kwana uku da wari ya ishe shi, naman da ke firiza duka ya tafi kwandon shara. Tun daga ranar kafin in jona komai sai na danna maɓallin gwajin soket ɗin in zagaya in ga me da me ya mutu tare da shi.

Wayar jona wuta ma ba kowacce ba ce. Ta cikin ɗaki ba ta fita waje, duba rubutun jikinta in akwai harafin W a lambar, kamar SJTW, ita ce ta waje. Lambar kauri kuma a juye take, 12 ta fi 14 kauri, 14 ta fi 16, a babban fili inda za ka ja waya mai nisa siririya zafi take ɗauka kuma wutar na raguwa kafin ta isa. Mahaɗi kar ya kwanta kan ciyawa, ɗora shi kan bulo ka kifa masa roba, ko ka sayi ɗan akwatin da aka yi don haka. Ka sa taima, wato na'urar saita lokaci, ta kashe komai kafin tsakar dare, maƙwabta na da aiki da safe.

Sai iska. Allunan kabarin nan na soso ne, ƙananan tsinken da ke zuwa cikin kwalinsu wasa ne kawai, iska ɗaya za ka tsince su gida na huɗu. Ni gam nake sa wa guntun bututu a bayan allon, in kafa guntun rodi a ƙasa in zura bututun a kai. Balan-balan kuma igiya huɗu a ɓangare huɗu, turaku a karkace suna bai wa abin baya, ranar da aka ce za a yi iska mai ƙarfi kashe fankar kawai ya kwanta. Amma kar ka bar shi kwance wuri ɗaya kwana da kwanaki, ciyawar ƙarƙashi rawaya za ta yi, kuma kai za a kira. In za ka buga ƙarfe ya yi zurfi kira lambar waya 811 kwanakin aiki biyu zuwa uku kafin nan, kyauta ne, za a zo a yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Sai dai ba sa nuna bututun ban-ruwan ciyawa na mai gida, wannan shi za ka tambaya, na taɓa huda ɗaya na biya da aljihuna.

Yara kuwa, duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san ba a bin hanya in ana sauri a kai gida na gaba. Haka suke su ma, ta tsakiyar ciyawa suke yankewa a guje, fuska a rufe da abin rufe fuska, riga na jan ƙasa, cikin duhu, kai kuma ka shimfiɗa igiyoyi da wayoyi. Ka jera ƙananan fitilu gefe da gefe tun daga bakin titi har ƙofa hanyar ta fito fili, inda igiya take ka kewaye shi da ɗan shinge. Kyandir na gaske a cikin kabewa ga busassun ganye ga rigunan leda, a'a, na batir ya wadatar.

Kabewar ma kar a yi gaggawar sassaƙa ta, wadda aka fafe da ƙyar take kai mako kafin ta zube, wadda ba a taɓa ba kuwa tana yin makonni in kurege ya ƙyale ta. Saƙar gizo-gizon roba da ake shimfiɗawa kan shuke-shuke tana kama tsuntsaye da ƙudan zuma, in dole ne a manna ta jikin taga daga ciki.

Akwai abu ɗaya da ko nawa za a biya ni ba na yi, rataye mutum-mutumi da igiya a wuya a reshen bishiya. Sabon zuwa zai ga kamar abin ban tsoro ne kawai irin sauran, amma ƙasar nan tana da tarihin rataye baƙaƙen fata a bishiyoyi ba tare da shari'a ba, kuma mutane ba su manta ba. Haka ma gawar roba da ta yi kama da ta gaske a yashe bakin titi, ana kiran 'yan sanda a kanta. In unguwar na da ƙungiyar masu gidaje, HOA, karɓi takardar dokokinsu ka karanta tukuna, wasu sun ƙayyade ranar da za a fara kafawa da ranar da za a kwashe, tara kuma mai gida ake ci. Ranar kwashewa ka hura balan-balan ɗin ya bushe sarai kafin ka naɗe, in ba haka ba baɗi fumfuna za ka buɗe.